Jemar da Ke Cikin Tulu

Yarinyar tana da wata goma lokacin da gudawa ta kama ta a karo na uku. Ina cewa yarinyar don ita ce ta fari, ba na kama sunanta, har yau bakina bai saba ba. A bazara ne, irin zafin nan na Katsina da in ka jingina da bango sai ka ji kamar ka jingina da tanda. Muna zaune a wani lungu na Ƙofar Marusa, maigidan yana da shago a bakin titi inda yake gyaran talabijin da rediyo.

Karo na farko aka ce haƙori ne. Karo na biyu ma aka ce haƙori, alhali ba wanda ya fito. Muka kai ta asibiti, aka ba mu ruwan gishiri da sukari da wasu ƙwayoyi da ake narkawa a cokali. Ta warke, ta yi kamar kwana goma tana rarrafe tana janyo mani kwanuka, sai kuma abin ya dawo. Ni ke wanke tsummokaranta, don haka ni nake fara sani. Tun daga wari nake gane ranar da cikin zai tsinke. Maɗigarta ta faɗa. Warwaron da ke hannunta, wanda da sai an sa sabulu yake fita, ya koma zamewa da kansa in tana barci.

Ba sakaci nake yi ba, abin da ya fi damuna ke nan. Tun karo na farko wata ma'aikaciyar asibiti ta ce a riƙa tafasa mata ruwa, ban taɓa fashi ba. Na ware mata ɗan ƙaramin tulu nata ita kaɗai. Kullum da safe in wanke shi, in tafasa ruwa, in juye, in rufe da faifai. Da farko ƙin sha ta yi, don tafasasshen ruwa salam yake, ga warin hayaƙi. Sai na yi dabara. A babbar randarmu akwai ƙullin saiwar jema, wadda mata ke jefawa a ruwa don ƙamshi. Da safe in tsamo ƙullin daga randa in jefa a tulunta, da yamma in mayar. Tun daga ranar ta riƙa sha har tana lumshe ido, ni kuwa ina jin daɗin wayona.

Wata Asabar da hantsi Hajiya, uwar maigidan, ta zo daga Ƙofar Durbi tare da tsohuwar ungozomar da ta yi mani wankan jego. Hajiya ba muguwa ba ce. Ta raini 'ya'ya da jikoki da ban san adadinsu ba, kuma ta binne wasu, shi ya sa ba ta wasa da ciwon yaro. Bayan an gama gaisawa ta miƙo mani ludayina na fura.

"Tatso nan mu gani."

Na juya baya na tatsa. Ungozoma ta je gindin bango ta dawo da tururuwa ɗaya a kan tsinke, ta sake ta a tsakiyar nonon. In ta yi iyo ta fita, nono lafiya lau. In ta mutu a ciki, nono ya lalace, shi ke sa wa yaro ciwo. Muka sa mata ido mu uku. Ta yi ta wutsil-wutsil har ta kai gefe, ta kama, ta zame. Ta sake kamawa, ta sake zamewa. Na lura cikin ludayin sumul yake don tsufa da maiƙon man shanu, amma wannan ba abin da zan faɗa ba ne a gaban manya. Can sai ta daina motsi.

"To kin dai gani da idonki," in ji Hajiya. "Ba laihinki ba ne, ɗiyata, haka Allah ke halittar wasu. Ba wagga Juma'a ba, ta sama, in ta ɗan yi ƙarhi, in zo in tahi da ita a yaye ta wajena. Kunu da madara sun ishe ta."

Yaye a wata goma, a tsakiyar bazara, ga ciki a tsinke. Na san yaran da aka yi wa haka a unguwarmu, na san yadda wuyansu ya koma. Amma ɗiyar fari ce. A gaban surukai ko kallonta ba a so ki cika yi, balle ki buɗe baki ki ce a bar maki ita. Na ce, "To, Hajiya." Da na gaya wa maigidan da ya dawo cin abinci, sai ya daɗe yana juya cokali, ya ce Hajiya ta fi mu sanin yara. Ya dai yarda in koma asibiti ran Litinin, tun da likita ya ce a kai kashin yarinyar a auna.

A can na haɗu da wata mata da ake ce wa Malama. Tana zaune a wani tebur kusa da inda ake karɓar kwalaben awo, farar riga a kan hijabinta. Ta ce daga jami'a take, tana bincike a kan ƙwayoyin cutar da ke sa yara gudawa. Tana neman izini ta ɗebi kaɗan daga abin da na kawo, kuma in maigida ya yarda ta zo gida ta ɗebi ruwan da muke sha. Ban bari ta ƙarasa ba.

"Malama, kuna auna nono?"

Ta ajiye bironta ta dube ni. Na ba ta labarin tururuwa, ina jiran ta yi dariya. Ba ta yi ba.

"An yi wa yayata irinsa, da wuƙa mai zafi ma," ta ce. "Ki ji, ni ba likita ba ce, magani wajen likita za ki karɓa. Abin da zan iya shi ne in duba ko ƙwayar da ke cikin yarinyar ita ce a nononki, ko daga wani waje take. Kafin nan kada ki fasa ba ta."

Washegari ta zo da kula cike da ƙananan kwalabe. Ta ɗebi ruwan jarkar mai ruwa, da na randa, da na tukunyar da na sauke daga wuta, da kokon yarinyar. Ta sa na wanke hannu da ƙirji na tatsa mata a kwalba. Da aka zo kan tulu ni na tsiyaya mata, don bakinsa ƙarami ne, ina yi ina ba ta labarin yadda nake wanke shi kullum. Ta ce na yi ƙoƙari. Ta tambaye ni ko akwai wani abin da yarinyar ke ci ko sha, na ce babu. Jema ba ta zo mani a rai ba ko kaɗan. A wajena jema ba ci ba ce ba sha ba ce, ƙamshi ce.

Ta ce sai an yi kwanaki, don sai ta shuka ƙwayoyin sun tsiro. Na ɗauka ban ji daidai ba ne. Kwanakin nan na yi su ina ƙirga Juma'a. Maganin likita ya tsayar da gudawar, amma ai da ma yakan tsaya ya dawo. Duk sanda na ba ta nono sai in tuna tururuwar nan, in ji kamar guba nake ɗura mata. Wani lokaci in cire ta tun ba ta ƙoshi ba, ta yi kuka, in mayar.

Ran Laraba, saura kwana biyu, Malama ta kira wayar maigidan ta ce ta samu wani abu. Na ce a roƙe ta in zo in gani da idona, don in ba gani na yi ba ban san me zan gaya wa Hajiya ba. Ya rufe shago ya kai mu a kan mashin. Ba a shiga da yara ɗakin binciken, dole ya karɓe ta ya tsaya a inuwar wata bishiyar bedi, yana riƙe da ita nesa da jiki kamar an ba shi ajiyar talabijin ɗin wani, yana waige-waige kada wanda ya sani ya gan shi.

Ɗakin sanyi ƙalau. Malama ta ba ni farar riga ta ce kada in taɓa komai. Ta fito da wasu farantai masu murfi, abin da ke ciki ya daskare kamar romon ƙafar sa da ya kwana, a samansa ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero. Ta ce kowane ɗigo ƙwaya ɗaya ce ta hayayyafa har ido ya iya ganinta. Ga na yarinyar, ga na randa, ga na tulu, ga na nono. Farantin ruwan tukunya fes yake, ba abin da ya tsiro.

Na ce, "To ai duk kusan iri ɗaya ne."

"A ido ba. Shi ya sa muke tambayar wancan."

Ta nuna wata na'ura a kan tebur, ba ta fi akwatin lefe ba, an haɗa ta da kwamfuta. Ta ce bari ta yi ɗaya a gabana. Ta ɗauki wata siririyar waya mai ɗan zobe a baki, ta sa a harshen wuta har ta yi ja, ta bari ta huce, ta lakato ɗigo ɗaya. Ta dama shi a ɗan ruwa, ta ɗiga a wani ƙaramin faranti, aka jira ya bushe, ta tura cikin na'urar. Na tsaya ina jiran in ga walƙiya ko in ji ƙara. Ba abin da ya faru.

"Ya lalace ne?"

"Yana aiki. Haske yake haska ta da shi, amma ba irin wanda ido ke gani ba. Kin san in garwashi ya lulluɓe da toka, ba ki ganin wuta amma in kin kai hannu kina jin ta? To irinsa ne."

Ta faɗi sunansa da Turanci sau biyu ban riƙe ba. Ta ce ma'anarsa hasken da ke ƙasa da ja, kuma ɗan'uwansa ne ke fita daga rimot. Yadda ta yi mani bayani, kowace ƙwayar cuta da abin da aka gina jikinta da shi: akwai maiƙo, akwai sukari, akwai irin abin da ke cikin nama. Kowanne da ɓangaren hasken da yake shanyewa. Na'urar tana duba abin da aka shanye da abin da ya rage, sai ta zana. Tun da ginin wata ƙwaya ba ɗaya ba ne da na wata, zanensu ma ba zai zo ɗaya ba.

Sai ga layi ya fito a kwamfuta, ya hau ya sauka, wani wajen tsini wani wajen tudu. Ta ce wannan na yarinyar ne, ta mai da shi ja. Ta kira na nono, shuɗi, ta ɗora a kansa. Tun daga farko suka raba hanya, inda ja ya yi tsini shuɗi ya kwanta.

"Akwai ƙwaya a nonon ke nan," na ce.

"Akwai, irin wadda ke fatar kowa, har ni. Ba ita ke cikin yarinyar ba. Ki ba ta nononki."

Na dafa tebur, ta ce in cire hannuna. Sai ta ɗora na randa a kan ja. Suka hau juna. Ta ɗora na tulu, shi ma haka. Ni na ɗan iya ɗinki, na san yadda falle biyu na turmi ɗaya ke haɗuwa in ka jera su, fure ya faɗa kan fure. Haka layukan nan suka yi. Ta ce ba idonta kaɗai ba, kwamfutar ma ta auna ta ce kamarsu ta yi yawa. Ta ƙara da cewa ba za ta rantse ba, amma in ita ce, tulun nan za ta bincika.

"Kina surka mata da ruwan randa don ya yi saurin hucewa?"

"Wallahi ban taɓa ba."

"Moɗa fa? Ɗaya ce?"

"Moɗa ba ta shiga bakin tulun. Kofinta daban."

Ta ce to, amma na ga alamar ta sha jin irin wannan rantsuwar daga bakin mata. Raina ya sosu. Ta koma kan aikinta tana tunani, ta ɗauki wayar nan ta sake sa ta a wuta. Na lura tun da na shigo ba ta taɓa kai ta daga wani faranti zuwa wani ba sai ta ƙona. Na tambaye ta dalili.

"In ban ƙona ba sai ta kwaso na wannan ta kai wa wancan. Aikin ya ɓaci ke nan."

Na tsaya ina kallon wayar tana yin ja. Na ga hannuna da safe yana shiga randa, yana fitowa da ƙulli yana ɗiga, yana jefawa a ruwan da na gama tafasawa.

"Malama," na ce, "jema."

Ta juyo. Na gaya mata komai. Ta riƙe haɓa ta ce, "Jema! Kakata ma da ita take shan ruwa, ban taɓa kawo ta a lissafi ba." Ta ce in yanko mata rabi a aiko yau, amma sakamakon ba zai fito kafin Juma'a ba. Ta buga mani zanen a takardu.

A gida na cire jemar, na tafasa tulun kansa. Da na ba maigidan labarin hasken sai ya yi dariya, rabon da in ji dariyarsa an kwana biyu. Ya ce, "Au, wannan? Ai da shi nake cin abinci." Ya ɗauko rimot ya saita shi a kyamarar wayarsa ya danna. A ido ba komai, a cikin wayar kuwa ga 'yar wuta tana ƙiftawa. Ya ce haka yake gane rimot mai rai da matacce.

Ran Juma'a bayan an sauko Hajiya ta zo da sabon zanen goyo a ninke. Na durƙusa muka gaisa, ta tambayi zafi, ta tambayi mai jiki, ta tambayi mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya, ina amsawa. Da ta ce a haɗo kayan yarinyar, sai na ɗauko takardun. Na haɗa na yarinyar da na nono na ɗaga su a hasken ƙofa, sannan na yarinyar da na tulu.

"Mi ne ne wanga? Tahiyar tsutsa?"

Maigidan ya matso ya fara bayani, har da rimot. Hajiya ta leƙa wayar ta ga wutar.

"To na ga wuta. Ita wutar ta sha nonon ne ta ji lahiya lau? Kai da ko wankan jariri ba ka taɓa gani ba, yau kai ne ungozoma?"

Ya ja baya yana sosa ƙeya. Na ga in na yi shiru tafiya za a yi da ita. Kuma ba yadda zan wanke nonon daga zargi sai na shafa wa kaina laifin.

"Hajiya, ba nonon ba ne. Ni ce. Jemar randa nake sa mata a tulu bayan na tafasa ruwan. Da hannuna nake ba ta ciwon." Sai na ƙarasa da abin da ba a faɗa. "Don Allah ki bar mani ita."

Maigidan ya sunkuyar da kai. Hajiya ta kalle ni, ta ce in kawo jemar. Na kawo rabin da ya rage a kwano. Ta shinshina, ta murza da yatsu, ta ga yadda take yauƙi kamar kuɓewa.

"Yaushe rabon da ki shanya ta?"

"Shanya ta ake yi?"

"Ke! Jema ai kwana biyu uku ake tsamo ta a wanke a baza a rana. Tun kawo ki gidan nan tana cikin ruwa? Wa ya koya maki aikin randa?"

Ba wanda ya koya mani. Na ga ana sawa ne, ban taɓa ganin ana cirewa ba. Ta yi ta faɗa, ta haɗa da ɗanta da ya sha ruwan shekara biyu bai ji komai ba. Na ji daɗin faɗan nan fiye da yadda zan iya faɗi, don tana yi tana mayar da zanen goyon cikin jaka.

"Tururuwa dai ba ta taɓa yi mani ƙarya ba," ta ce a bakin ƙofa. "Amma na ba ki zuwa tsayuwar wata. In cikin ya sake tsinkewa, ba takardar da za ki nuna mani."

Bayan kwana huɗu Malama ta kira ta ce zanen jemar ya hau kan na yarinyar. Ban kai wa Hajiya wannan labarin ba, tun da ba shi ta ce a kawo mata ba. Tsummokara na ci gaba da dubawa, safe da yamma, ina shinshinawa kamar mai neman abin da ya ɓata. Yarinyar ta yi kwana biyu tana ture ruwa marar ƙamshi, ƙishi ya sa ta haƙura. Wata ya tsaya, ciki bai tsinke ba. Wani ya sake tsayawa. Wata rana na zo yi mata wanka na ga warwaron ya kama hannu, sai da na sa sabulu.

Sai da ta shekara ɗaya da wata tara aka yaye ta. Ni na goya ta da kaina zuwa Ƙofar Durbi, da ƙullin kayanta da ɗan tulunta a hannu. Na tarar da Hajiya a gindin murhu, ƙaramar tukunya na tafasa, tsakar gidan duk ƙamshi. Na leƙa. Sabon ƙullin jema ne ke juyawa a cikin ruwan.

"Don ƙamshin ya hi hita ne," ta ce, ba ta ko dube ni ba. "Sauke ta ki tahi tun ba ta gane ba."

Na kwance goyon, na ajiye tulun kusa da ita, na fita.